Da Wane Baki Ɓarawon Littafi Ke Magana?

Mu da muka tashi a Kolofata muna jin Hausa a cikin gida, Kanuri a bakin ƙofa, Fulatanci a kasuwa, Faransanci kuma a aji, ta ƙofa biyu littafin hira ya riƙa iso mana. Ɗaya ta Marwa ce, inda masu baza tsofaffin littattafai a gefen titi suke sayar da su a kuɗin da bai wuce na shayi da burodi ba. Ɗayar kuwa ta Banki ce, inda littattafan Kano suke tsallako iyaka a cikin kayan 'yan koli, a tsakanin turare da kaset da man shafawa. Na Kano soyayya ta fi yawa a cikinsu, su ne yayyenmu mata suke ɓoyewa a ƙarƙashin katifa. Na Marwa kuwa na kisa ne da bincike, waɗanda muke kira polisiye, kuma su ne suka hana mu barci. Littafi guda yakan zaga hannu goma sha, kafin ya dawo wa mai shi bango ya tafi, wani lokaci har da shafukan ƙarshe. Akwai labarin da har yau ba mu san wanda ya yi kisan ba, domin ƙanwar ɗaya daga cikinmu ta yage ƙarshensa ta ƙunshe gyaɗa.

Rashin ƙarshen bai cika damunmu ba, domin bakin mutanen cikin littafin ne ya kama mu. Mu da aka hore mu da doguwar gaisuwa, a tambayi kwana da gajiya da iyali kafin a zo kan abin da ya kawo mutum, sai ga waɗansu mutane suna faɗawa ofis ba sallama, su jefa kalma uku su juya. Babu mai kiran abu da sunansa na ƙamus. Ɗan sanda flic ne, bindiga flingue ce, kuɗi da kurkuku da mutuwa kowanne yana da laƙabinsa. Muka haddace su kamar karatun allo, muna jefa wa juna a hanyar makaranta, muna da tabbacin cewa haka Amurkawa suke magana. Sunan da ya fi yawa a bangon waɗannan littattafai shi ne James Hadley Chase, kuma da wani ya ce mana ba Ba'amurke ba ne da mun ƙaryata shi.

Ashe Baturen Ingila ne, haifaffen Landan a 1906, sunansa na yanka René Raymond. Tallar littattafai yake yi gida-gida, daga baya ya koma wajen dillalan littattafai, a nan ya lura da irin hajar da take tafiya a kasuwa. Lokacin da ya rubuta littafinsa na farko, No Orchids for Miss Blandish, wanda ya fito a 1939, ƙafarsa ba ta taɓa taka Amurka ba. Ƙamus ɗin sarar Amurkawa ya ajiye a gefe guda, taswira a ɗaya gefen, ya gina garuruwa da 'yan ta'adda da bakinsu daga cikin ɗakinsa. Ya rubuta littattafai kusan 90 kafin rasuwarsa a 1985, mafi yawansu a Amurka labarin yake faruwa, alhali zuwansa ƙasar bai wuce gajeruwar ziyara ba, ita ma bayan ya riga ya yi suna.

Mu kuwa ko wannan Turancin na aro ba shi muka karanta ba. A 1945 wani mai fassara, Marcel Duhamel, ya buɗe jerin littattafan da ake kira Série Noire a kamfanin Gallimard na birnin Faris, masu baƙin bango da rubutu rawaya. Littattafai uku na farko da aka fitar a jerin duk na Turawan Ingila ne masu kwaikwayon bakin Amurka: biyu na Peter Cheyney, na ukun na Chase. Masu fassarar suka ga cewa Faransancin makaranta ba zai ɗauki wannan kaya ba, sai suka shiga lungunan Faris suka ɗebo sarar 'yan iskan garinsu suka sa a bakin 'yan fashin Shikago. To ka ji asalin flic da flingue ɗinmu. Ɗan Landan ya ara daga ƙamus, ɗan Faris ya sake ɗinkin, mai baza littattafai a Marwa ya sayar mana. Gwanjo ne hannu na uku, muka sa muna taƙama sabon yayi ne.

Sai dai gwanjon ma yana da wanda ya fara sa shi sabo. Wannan salon rubutu a Amurka aka haife shi, a shekarun da aka haramta sayar da giya, daga 1920 zuwa 1933, lokacin da fasa-ƙwauri ya zama babbar sana'a, 'yan sanda da alƙalai da 'yan siyasa da yawa suka shiga aljihun masu ita. Wanda ya zauna a bakin iyaka ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan yadda hakan ke faruwa. A cikin wata mujalla mai arha, Black Mask, wadda aka kafa a 1920 ake kuma buga ta a kan takarda mafi ƙanƙantar daraja, marubuta suka fara ba da labarin mai bincike mai zaman kansa, wanda ake ɗauka haya kamar ɗan dako, ya sha duka, ya ci bashi, ya kuma san cewa gano mai laifi ba ya nufin za a hukunta shi. Amurkawa suka yi wa salon laƙabi da ƙwan da aka dafa har ya yi tauri. Da Bahaushe ne ya raɗa sunan, da ya ce labaran masu busasshen ido.

Babban su shi ne Dashiell Hammett, kuma shi da kunnensa ya ji abin da ya rubuta. Ya yi aiki da kamfanin bincike na Pinkerton daga 1915 har zuwa farkon shekarun 1920, yana bin sawun mutane, yana zama a inda ɓarayi ke zama, kafin ciwon tarin fuka ya zaunar da shi ya koma rubutu. Akwai wani labari game da littafinsa The Maltese Falcon na 1930 da ya kamata duk mai aron sara ya sani. Editan mujallar, Joseph Shaw, mutum ne mai ƙyamar batsa a rubutu. Kamar yadda abokin sana'arsu Erle Stanley Gardner ya ba da labari daga baya, Hammett ya dasa masa kalmomi biyu. Ta farko tana da kamar batsa a kunne, alhali satar shanya kawai take nufi, wato kwashe tufafin da aka shanya a igiya. A kanta editan ya tayar da jijiyar wuya. Ta biyun, gunsel, ya bar ta ta wuce, domin farkonta ya yi kama da sunan bindiga a Turanci, ya ɗauka ɗan bindiga ake nufi. A bakin 'yan kurkuku da 'yan yawon duniya kuwa, sunan yaron da wani babba ya ajiye don lalata ne, asalinta daga harshen Yahudawan Turai, inda take nufin ɗan tsakon dinya. Marubutan da suka biyo baya suka yi ta kwafar kalmar suna liƙa wa 'yan bindigarsu, har ƙamus ya gaji ya karɓi sabuwar ma'anar. Duk wanda ya kwafa ya tona wa kansa asiri cewa a littafi ya tsinta.

Na biyunsu, Raymond Chandler, ya fi kusa da halin da muke ciki. A Shikago aka haife shi a 1888, amma a Ingila ya girma ya yi karatu, da Latin da Girkanci a kansa. Ya koma Amurka, ya kai babban matsayi a wani kamfanin mai, aka sallame shi a 1932 saboda shaye-shaye, sai ya kama rubutu yana da shekara 44. Shi da kansa ya faɗa a wasiƙunsa cewa sai da ya koyi bakin Amurka kamar yadda ake koyon baƙon harshe. Yana da littafin ajiya inda yake jera sarar 'yan sane, da ta fursunonin kurkukun San Quentin, da ta ma'aikatan jirgin ƙasa. Daga wannan wahalar ya fito da wani hukunci da muke ganin ya yi daidai: sara iri biyu ce kawai take da amfani ga marubuci, wadda ta daɗe har ta zauna a harshe, da wadda ya ƙirƙira da kansa. Sauran kafin littafi ya fito daga maɗaba'a ta tsufa. Sunan littafinsa na farko na 1939, The Big Sleep, wato babban barci, shi ya ƙirƙire shi a matsayin laƙabin mutuwa, daga baya ya ga wani babban marubucin wasan kwaikwayo, Eugene O'Neill, ya sa shi a bakin wani ɗan wasansa kamar tsohuwar maganar 'yan ta'adda ce.

A nan mukan yi murmushi. Mutumin da ya yi suna a duniya don ya kira mutuwa babban barci, da ya zauna a zauren kakanmu yini ɗaya da ya cika littafin ajiyarsa. Wane ya kwanta dama. Wane ya riga mu gidan gaskiya. Wane ya ce ga garinku nan. Wannan ta ƙarshen, a ce mamaci ya waiwayo ya miƙa wa masu rai garinsu kamar baƙon da ya gaji da zama, ba mu san wata magana a cikin duk polisiyen da muka karanta da ta kai ta sanyi da kaifi ba. Kurkuku kuma gidan maza ne, gidan kaso ne, gidan ɗan Kande ne. Mai gudu ya ari ta kare. Wanda aka damfara an wanke shi. Kayan aikin suna nan jibge tun kafin a haife mu.

Labarin laifi ma ba baƙo ba ne a adabinmu. Cikin littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 akwai Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, wanda labarin ɓarayi ne da dabarunsu, akwai kuma Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, labarin ɗaukar fansa. Abdulƙadir Ɗangambo ya kawo Kitsen Rogo a 1978, yaron ƙauye da birni ya mayar ɓarawo. A 1982 aka sami Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya shiga harkar fasa-ƙwauri da cin hanci kai tsaye, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, inda tsohon soja ya kafa ƙungiyar ta'addanci bayan yaƙin basasa. Waɗannan manyan ayyuka ne, ba mu isa mu rage musu daraja ba. Amma littattafai ne da suka bi ta hannun hukuma da gasa da manhajar makaranta, don haka sau da yawa za ka tarar ɓarawon ciki ya yi wanka ya sa hula kafin ya buɗe baki. Sai da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga ƙarshen shekarun 1980, finafinai suka biyo baya, sannan bakin titi ya sami hanyar shiga sosai.

Titin da ya shiga ɗin kuwa na Kano ne. Ko sunan 'yan ta'addar unguwa kowane gari da nasa: 'yan daba a Kano, ƙauraye a Katsina, 'yan kalare a Gombe, sara-suka a Bauchi, 'yan Ekomog a Maiduguri. Amma da yake a Kano ake buga littafi ake kuma shirya fim, bakin ɗan daba ya zama shi ne bakin kowane mugu a rubutun Hausa. Mu da muke nesa muka sake yin abin da muka yi da polisiye. Muka haddace, muka kwafa, muna kiran juna baaba, muna ce wa 'yan sanda kwalawa, alhali yawancinmu ba mu taɓa ganin Ƙofar Mata ba. Mun zama Chase ke nan, sai dai ƙamus ɗinmu kaset ne.

Ranar da muka gane haka ba za mu manta da ita ba. Wani dare ɗaya daga cikinmu ya zo teburin mai shayi da labarin da ya rubuta a wayarsa, labarin wani yaro mai jigilar kaya a babur ta hanyar Amcide, wanda aka kashe abokin tafiyarsa ya shiga neman wanda ya yi. Ya karanta mana, muka yaba, domin labarin yana da gudu. A ƙarshen benci akwai wani dattijo, tsohon direba da ya shekara fiye da ashirin tsakanin Banki da Marwa, dukanmu Kawu muke ce masa. Ya saurara har aka gama bai ce uffan ba, sannan ya ajiye kofinsa.

"Ɗana, wannan yaron naka, a ina aka binne cibiyarsa?"

"A nan, Kawu. Ɗan Amcide ne."

"To da ɗan Kano ya yi mini kama. Ni dai duk zamana a wannan hanya ban taɓa jin wanda ya ce kwalawa ba. Kuma wanda ya hango shinge ba ya tsayawa yin huɗuba. Hannu zai ɗaga, ko ya ce hanya ba ta da lafiya, na bayansa ya gane."

Marubucin namu ya ji kunya, amma ya yi abin da ya dace. Ya matsa kusa ya ce, "Allah ya ƙara girma, Kawu, to yaya ake cewa?" Daren nan har mai shayi ya kashe wuta ba mu tashi ba.

Abin da ya fito daga bakin dattijon babu wanda bai taɓa ji ba a cikinmu. Ba mu dai taɓa ɗaukar sa abin rubutawa ba ne. Ɗauki zargina. A bakin iyayenmu mata shuɗin wanki ce, wadda ake tsoma farin tufa a ciki don ya yi haske. Ana cewa 'yan fashin da suka addabi hanyoyin arewacin Kamaru a shekarun 1980 da 1990 sun riƙa shafa ta a fuska don kada a gane su, sai sunan ya bi su, har ya zamana in an ce zargina sun tare hanyar kasuwa babu wanda wanki zai faɗo masa a rai. Kalma ɗaya ta ɗauko tsakar gida da bakin daji ta haɗa su, ta kuma gaya maka abin da ya fi komai ban tsoro: mai ɓoye fuska yana tsoron a gane shi ne, wato ba baƙo ba ne. Saboda su aka kawo rundunar da jama'a ke kira antigan a ƙarshen shekarun 1990, sannan BIR a 2001. Masanin tarihi Saïbou Issa na Jami'ar Marwa ya rubuta littafi sukutum a kansu da Faransanci a 2010. Tarihin an adana shi. Yadda fasinja ke raɗa wa na kusa da shi in mota ta rage gudu a inda babu gari, wannan bai shiga takarda ba.

Ko ɗauki kaskada. Faransawa suna kiran mai wasan ganganci a fim cascadeur, wanda ke faɗowa daga bene a madadin jarumi. Mutanen yankin nan suka ba yaran da ke ɗaure jarkoki da buhuna a babur har ba a ganin mai tuƙin, su ratsa ta bayan gari don kauce wa 'yan duwan. Man da suke ɗaukowa daga Najeriya zuwa-zuwa ne, waɗansu su ce federal, shi ne ake jerawa a kwalabe a bakin hanya daga nan har Garwa. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayu 2023 ribar ta ragu, wa ya sani ko jikokinmu za su san ma'anar kalmar. Ƙwayar da ke hana su jin gajiya da tsoro tramol ce. Wadda ta fi ba mu dariya ita ce mange-mille, laƙabin da 'yan Kamaru suka yi wa jami'in da ke karɓar na goro a shinge. Ma'anarta mai cin jaka, domin sefa 1000 ita ce jaka a lissafinmu. Amma a kunne daidai take da mange-mil, sunan jan-baki a Faransanci, tsuntsun nan da ke sauka a gonar gero da dawa garke guda ya bar manomi da kara. Duk wanda ya taɓa kwana yana kaɗa gwangwani a gona ya san abin da ake nufi. Chandler bai ƙirƙiri wadda ta fi wannan ba, kuma babu wanda ya san sunan wanda ya fara faɗin ta.

Daga 2014 bakinmu ya sake sauyawa, wannan karon ba da dariya ba. Ranar 27 ga Yuli ta wannan shekara, a ƙarshen azumi ana shirin ƙaramar Sallah, aka shigo garin nan aka kashe mutane, aka tafi da matar mataimakin firayim minista Amadou Ali da lamidon gari da waɗansu, ba a sako su ba sai a watan Oktoba. A watan nan ne kuma aka gwabza a Amcide har garin ya watse, iyaka ta rufe, ƙofar da littattafan Kano ke shigowa ta toshe. Aka kai hari barikin soja a Janairun 2015, bama-bamai suka tashi a cikin gari a Satumbar wannan shekara. A waɗannan shekaru muka koyi magana ba tare da kiran suna ba. Yaran nan. Mutanen daji. An yi baƙi jiya a ƙauye kaza. Wane ya tafi, ba a ƙara ko kalma ɗaya, kowa ya san inda ya tafi. Rediyon Hausa yana cewa ɗan ƙunar baƙin wake, mu kuwa kamikaz muke cewa, kalmar Japanawa ta zamanin yaƙin duniya na biyu, wadda ta biyo ta Faransanci ta sauka a kasuwarmu. Wannan ma sara ce, irin wadda tsoro ke haifarwa, kuma aikinta ɗaya da ta 'yan kurkukun Amurka: na ciki ya gane, na waje ya wuce.

An yi rubutu da yawa a kan abin da ya same mu. Rahotanni ne na ƙungiyoyi da jaridu, da Faransanci da Turanci, cike da adadi da sunayen garuruwa da aka rubuta ba daidai ba. A cikinsu mu alƙaluma ne. In an ɗauko maganar ɗayanmu, an riga an fassara ta sau biyu, an goge ta, ta koma irin maganar da kowane ɗan gudun hijira a kowace ƙasa zai iya yi.

To me ya hana mu rubuta namu? Kawu ya ba da amsa ɗaya a daren nan, lokacin da ya ga marubucin namu yana danna waya da sauri. Ya dafa hannunsa ya ce, "Ka ji, ɗana, ni a bakin shayi na faɗa maka. In ka rubuta, wanda zai karanta ba daɗin labarin zai tambaye ka ba. Cewa zai yi, a ina ka sani?" Wannan ba tsoron banza ba ne. Hammett ya san bakin ɓarayi aka ce gwani ne. A garin da aka yi shekaru ana zargin maƙwabci da kai rahoto daji ko kai rahoto bariki, sanin bakin wani rukuni yana iya zama shaida a kanka. Akwai kuma haƙƙin masu maganar: abin da aka ƙirƙira don ɓoyewa, in ka shimfiɗa shi a intanet ka kwance wa wani zani a kasuwa, wataƙila wanda bai yi maka laifin komai ba.

Amsa ta biyu ta fi wuyar faɗa, domin kunya ce. Mu 'yan tsiraru ne a nan, Hausarmu ta sha ruwan Kanuri da Fulatanci da Larabcin Shuwa da Faransanci. In ɗanmu ya yi rubutu a Facebook, ba a rasa wanda zai fito daga wancan ƙetaren ya gyara masa ta da ya, ko ya yi dariyar Hausar Kamaru. Sai muka koyi ɓoye bakinmu in za mu rubuta, mu ari na Kano kamar yadda ake aron babbar riga ranar ɗaurin aure. Alhali a cikin ƙasar nan tamu akwai wanda ya nuna cewa ana iya yin akasin haka. Mongo Beti ya shekara fiye da talatin a Faransa yana koyar da Faransancin manyan littattafai, amma da ya dawo gida ya buɗe kantin littattafai a Yawunde, ya rubuta polisiye a 1999, Trop de soleil tue l'amour, ya cika shi da Faransancin mashaya da tasha na Yawunde, ba tare da neman afuwar kowa ba. Kafin shi akwai Chester Himes, baƙar fatar Amurka da ya fara rubutu a kurkukun Ohio inda aka ɗaure shi kan fashi da makami. Duhamel ɗin nan na Série Noire ne ya roƙe shi ya rubuta labarin bincike, ya rubuta shi da bakin unguwar Harlem, littafin ya ci babbar kyautar polisiye ta Faransa a 1958 tun mutanen ƙasarsa ba su waiwaye shi ba.

Dattawanmu suna da tasu hujjar, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ta ba. Suna cewa littafin da ya koya wa yaro bakin 'yan iska ya koya masa rabin iskancin. Irin wannan damuwa ce ta kai ga ƙona littattafan hira a bainar jama'a a Kano a 2007, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Mu ne shaidar cewa yaro yana kwaikwayon abin da ya karanta, tun da mun yi. Amma mun ga wani abu da idonmu wanda ya sa ba mu yarda da su gaba ɗaya ba. Waɗanda suka ja yaran yankin nan zuwa daji ba su zo da bakin mugun littafi ba. Ba su yi zagi ba, ba su zare ido ba. Da maganar babur suka zo, da jari, da aure, da ɗan'uwa ka daɗe kana wahala. Yaron da bai san mugu ba sai wanda ke gurnani a fim, ranar da na gaskiya ya zauna kusa da shi a benci ya saya masa shayi, ba zai gane shi ba.

Kawu ya kwanta dama bara, Allah ya jiƙansa. Abin da ya faɗa mana a daren nan bai kai rabin abin da ya tafi da shi ba, sunayen kwanoni da mashigai da laƙabin kowane shinge daga Banki zuwa Mora, da maganganun da direbobi ke yi da fitila da hannu. Marubucin namu ya sa labarinsa na farko a intanet, mai bakin Kano, an kuma yaba masa sosai, har daga Zariya da Maraɗi. Ya sake rubuta shi daga baya, yaron ya koma ɗan Amcide na gaske, maganarsa ta ragu da rabi, kuma a wurare biyu da ya ga kalmar ainihi za ta iya jawo wa wani masifa ya ƙirƙiri tasa ya sa, ko mu da muka san hanyar ba mu gane ɗinkin ba sai da ya nuna mana. Da ya karanta mana wannan, babu wanda ya yi tafi. Mai shayi ne kawai ya juya baya yana goge kofin da ya riga ya goge.

Na biyun yana nan a wayarsa, bai sa shi ko'ina ba. Mun tambaye shi ranar Juma'ar da ta wuce bayan an sauko daga masallaci, ya ce hanya ba ta da lafiya tukuna.